Hasashen damina ba shiga gaibu ba ne

A Parakou da Djougou, watan Maris shi ne lokacin da zafi ke kai maƙura, kuma daga nan ne gardama kan tashi: in hukumar Météo-Bénin ta ce ruwa zai sauka a mako kaza, shin ba ta taɓa abin da Allah ya keɓe wa kansa ba? Masu wannan tsoro suna kafa hujja da ƙarshen Suratu Luƙman, inda aka ambaci saukar da ruwa cikin abubuwan da saninsu ke wurin Allah. Tsoron nasu na imani ne, ina girmama shi. Amma ina ganin sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato sanin gaibu da karanta alama.

Dubi yadda daminar ke zuwa. Rana ba iska take fara gasawa ba, ƙasa take gasawa, ƙasar kuma ta ɗumama iskar da ke kanta. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sai ta yi sama. A bazara Sahara kan yi zafin da ya fi na teku nesa ba kusa ba, sai iska mai laima ta taso daga Tekun Gini ta nufo arewa, ta ture busasshiyar iskar hunturu, wadda tun Disamba take kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi. Tururin da ya hau sama ya huce ya zama gajimare, kuma a wannan hucewar yake sakin zafin da ya ɗauko daga teku, zafin ya ƙara cilla iskar sama. Shi ya sa hadari ke yin tsiri kamar hasumiya, ya taso daga gabas ya nausa yamma. A shekarar 2006 masana na shirin AMMA sun kafa na'urori a kewayen Djougou, a saman kogin Ouémé, suna auna wannan tafiya ta zafi da laima. Abin da suka auna yana nan a fili, duk mai kayan awo zai same shi. Gaibu kuwa shi ne abin da babu wata kafa ta kai wa gare shi. Manomin doya a Borgou da ya ga gabas ta yi baƙi ya tattara shanyarsa, babu malamin da ya taɓa kiransa boka.

Akwai suka ta biyu, kuma ta fi nauyi. In zafi ne ke koro iska, iska ta koro hadari, ina amfanin fita filin idi roƙon ruwa? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna irin wannan da misalin wuta da auduga: muna ganin ƙuna na biyo bayan haɗuwarsu, amma ganin jeruwar abubuwa bai nuna cewa wuta ce mai iko da kanta ba. Ibn Rushd ya mayar masa da cewa musun sabubba musun hankali ne. Ko wanne mutum ya bi, babu ɗayansu da ya hana a nazarci yadda abubuwa ke jeruwa. Suratur Rum ma da kanta ta ambaci iskoki a matsayin masu tayar da gajimare, wato sababin yana cikin nassi. Hasashe kuma rinjayen zato yake bayarwa, ba yaƙini ba. Hadari ɗaya kan jiƙe wani ƙauye ya tsallake na kusa da shi, kuma farin shekarun 1970 da 1980 ya zo alhali rana da teku da Sahara suna inda suke. Manomin audugar da ya saurari rediyo kafin ya zuba iri, sannan ya bi liman sallar roƙon ruwa da damina ta yi jinkiri, bai saɓa wa kansa ba ko kaɗan.