Shin Ya Dace Mu Tsorata Kanmu da Labari?

Hausawa kan ce, tsoro na daji, kunya na gida. To, amma ɗan Adam bai yarda ya bar tsoro a daji ba, shi da kansa yake jawo shi cikin ɗaki ta hanyar labari. Tambayata ita ce, mene ne halaccin wannan ɗabi'a, musamman gare mu mutanen Zamfara da tsoron gaske ya hana mu barci?

Bari mu fara da misali daga nesa. Mutanen Japan suna da littattafan labarai masu zane da suke kira manga, cikinsu kuwa akwai gajerun labaran ban tsoro. Wanda ya yi fice a wannan fage shi ne Junji Ito, wanda ya fara da Tomie a 1987. A wani gajeren labarinsa, girgizar ƙasa ta tsaga dutsen Amigara, sai ga ramuka masu siffar mutane sun bayyana a jikinsa. Jama'a suka yi ta tururuwa kallo. Kowa ya hangi ramin da ya yi daidai da jikinsa sai ya kasa haƙuri, ya tuɓe ya shige, alhali ya san ba dawowa. Mai karatu ya ƙaddara a jikin Dutsen Kwatarkwashi aka wayi gari da haka, motocin Tsafe da Gusau suna tsayawa fasinja na fita ɗaya bayan ɗaya.

Mu ma muna da namu. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya wallafa tsakanin 1911 da 1913, da waɗanda kakanninmu mata ke yi mana da dare, cike suke da Dodo. Alal misali, budurwar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, har Dodo ya rikiɗe ya zo mata a kyakkyawan saurayi, ya tafi da ita daji. Amma a lura, Dodonmu baƙo ne, daga bayan gari yake zuwa, kuma a ƙarshe akan ce ƙurunƙus, yaro ya kwanta hankalinsa kwance. A dutsen Ito kuwa babu mai bin kowa da gudu. Mutum ne da ƙafarsa yake kai kansa.

Wani zai ce wannan duk wasan wanda ya ƙoshi ne. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga masaukansu a Sabon Gida, cikin ƙasar Bunguɗu. Wanda ya ga wannan, me zane zai ƙara masa? Hujja ce mai nauyi, kuma duk labarin da ya mai da jinin mutane abin shaƙatawa kawai, ni ma ina ƙyamarsa.

Duk da haka, a ganina labarin tsoro yana da aikin da ba a raina shi. Tsoron gaske yakan rufe tunani, mutum ya nemi mafaka kurum. Tsoron labari kuwa yana barin mutum ya zauna ya ƙare wa abin kallo, ya tambayi inda ya fito. A nan ne darasin Ito ya fi na tatsuniya ɗaci. Mun saba kiran masifarmu Dodon daji, amma wa ke kai masa rahoton wanda ya sayar da shanu? Wa ke kai masa mai da abinci? Waɗannan a cikin gari suke kwana, kwaɗayi ya nuna musu raminsu, suka shiga suna sane.

Saboda haka ina kira ga marubutan wannan ƙungiya, kada mu guji labarin tsoro. Mu rubuta shi, amma mu sa mai karatu ya gama yana tuhumar zuciyarsa kafin ya leƙa bayan ƙofa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.