TSARKI A BAYAN GIDAN ABINCI

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ku ne masu cin abinci a tasha da kasuwa, daga Gwiwa zuwa Roni, zuwa Kazaure da Ɓaɓura. Kai ɗan acaɓa ne, ko direba, ko yaron shago, tuwonka na rana a rumfa yake. To, ka taɓa zagawa bayan rumfar ka ga inda ake kama ruwa?

Kada ka ce wannan ba zancen wa'azi ba ne. Muslim ya ruwaito cewa mushirikai sun yi wa Salmanul Farisi ba'a, wai Annabinsu har zaman ban-ɗaki ya koya musu. Salmanu bai ji kunya ba, ya tabbatar musu haka ne. Kuma Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Abbas labarin kaburbura biyu da ake yi wa masu su azaba, ɗaya saboda annamimanci, ɗaya saboda rashin kiyaye fitsari. Ka ji fa. Fitsari!

Ga kai mai gidan abinci, ko mai niyyar buɗewa, ga abin da ake so.

Na ɗaya, alƙibla. Abu Ayyubal Ansari ya ruwaito hanin fuskantar alƙibla ko juya mata baya wajen biyan buƙata, ya ce da suka je Sham sun tarar an gina masai suna duban alƙibla, sai su karkace, su nemi gafarar Allah. Malamai sun yi saɓani a kan cikin gini, wasu sun halatta, amma fita daga saɓani ya fi. Mu nan alƙiblarmu gabas ce, ta ɗan karkata arewa. Gaya wa magini tun kafin ya zuba siminti, mai tsugunawa ya dubi kudu ko arewa. Wannan ko kwabo ba zai ƙara maka ba.

Na biyu, wuri. A nisanta shadda daga rijiya kamar mita 30, a nisanta ta daga murhu da wurin wanke-wanke. A sa mata ƙofa domin sutura, na mata daban, na maza daban.

Na uku, murfi a bakin rami, buta cike da ruwa, sabulu ko toka a bakin ƙofa. Ƙudan da ya tashi daga ramin nan, wallahi ba ya neman izini kafin ya sauka a kan malmalar tuwonka. Ta wannan hanya amai da gudawa ke shiga gari. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Laya ba ta tsare wannan. Addu'a ce, da riƙo da sababi.

A shekarar 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a ƙasar nan da ta daina bahaya a fili. Madalla. Amma takardar shaida ba ta share masai. In ya ƙazantu har mutum ya kasa shiga, bayan katanga zai koma, ko gindin bishiya, alhali Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa yin bahaya a hanyar mutane ko inuwarsu yana jawo tsinuwa.

Kai ma mai shiga kana da haƙƙi a wuyanka. Ka shiga da ƙafar hagu da addu'a, ka tsuguna, ka yi tsarki da hannun hagu, ka kora ruwa, ka mayar da murfi, ka wanke hannu da sabulu. Wasunmu sai su kwana suna gardamar ƙabalu da sadalu, ga fitsari ya fallatsa a ƙafar wando, a haka za su shiga sahu. Ina amfanin baɗi ba rai? Salla ba ta inganta sai da tsarki.

In ka ga wuri ba kyau, ka ja mai shi gefe ka yi masa nasiha cikin ladabi, kada ka jira duba-gari. In ya ƙi ji, kai kuɗinka wani wuri.

Allah Ya tsarkake jikinmu da zukatanmu, Ya tsare mu daga azabar kabari. Amin.