Laifin Duna ko Namu?

Bayan an haura mana katanga karo na biyu, Baba ya sayo ɗan kwikwiyo baƙi wurin wani mafarauci, muka sa masa suna Duna. Aikinsa ɗaya ne: gadi. Kafin ya shekara, mun lalata shi da hannunmu.

Umma tana korarsa daga ƙofar kicin, ƙanena kuwa a nan yake jefa masa ƙashi. Idan ya yi wa baƙon Baba haushi da rana, ni ne mai ɗaukar sanda. Da dare kuma muna so ya tayar da unguwa in ya ji motsi. Daren da aka shigo aka ɗauke mana janareta, Duna yana kwance, ko gurnani bai yi ba. Da safe kowa ya ce kare ne marar amfani. Ni ma na faɗa.

Sai daga baya abin ya dame ni. Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, kuma darasin farko a wannan aiki shi ne na'ura tana aikata abin da ka rubuta, ba abin da ke ranka ba. In ta kauce, umarninka za ka koma ka bincika. To, me muka rubuta wa Duna? Cewa haushi ga baƙuwar fuska yana jawo duka. Ya ɗauki karatun tsaf. Ta ina zai bambanta abokin Baba da ɓarawo?

Wani abokina ya ce matsalar ita ce ban nuna masa ni ne babba ba. Wannan ra'ayi yana da tarihi. A 1947 Rudolph Schenkel ya wallafa bincike kan kyarketan da aka tsare a gidan namun daji na Basel, inda ya ga suna kokawar neman fifiko. Littafin David Mech na 1970 ya yaɗa batun, masu horar da karnuka suka rungume shi. Amma a 1999, bayan ya yi shekaru yana lura da kyarketai a tsibirin Ellesmere na Kanada, Mech ya gyara maganarsa: a daji garken iyali ne, uwa da uba ke jagora, 'ya'ya suna bi.

Tsoro ba ya cikin abin da Duna ya rasa, yana da shi har ya yi yawa. Abin da ya rasa shi ne magana ɗaya. Muka zauna muka yi yarjejeniya: kalma ɗaya ga kowane umarni, wurin cin abinci ɗaya, lada nan take in ya yi daidai, in baƙo ya zo a ɗaure shi maimakon a doke shi. Sai da aka yi watanni kafin muryarsa ta dawo.

Abin da ya tsaya mini a rai ya wuce kare. Duk wanda ke da ikon hukunci, akwai bashin bayani a wuyansa. Hukunta wani kan dokar da ba ka fayyace ba, ko wadda kake sauyawa gwargwadon yadda ka tashi da safe, zalunci ne ko da niyyarka gyara ce. Yaro a gida, ɗan aiki a shago, ƙaramin ma'aikaci a ofis: da yawansu sun yi shiru irin na Duna, mu kuma muna kiran shirun ladabi, har ranar da muke bukatar su yi magana.