Ƙaramin Rauni a Kai Tsakanin Fiƙihu da Takardar Asibiti

Raunin da ya tsaya a fatar kai ko fuska yana cikin abin da ake yawan kaiwa asibitin gwamnati na Salaga da asibitocin Yendi da Bawku a Gana: ƙujewa daga faɗuwar babur, kumburin goshin yaron da ya faɗo daga bishiyar mangwaro, taruwar jini a gefen ido bayan faɗa. Tambayar da addini da likitanci suka haɗu a kanta ita ce ko irin wannan rauni ya cancanci a ba shi suna, a rubuta shi, tunda galibi da kansa yake warkewa.

Malaman Malikiyya sun amsa tun da daɗewa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, da Mukhtasar na Khalil, littattafan da ake karantawa a zaurukan ilimi tun daga Kano har zangunan Gonja, sun jera raunukan kai daki-daki. Uku a fata suke: damiya mai tsattsafo jini, harisa mai tsaga fata, simhaƙ mai saɓule ta. Uku kuma a tsoka. Bayan su ne muliha, wadda ta bayyana ƙashi, diyyarta raƙuma 5; munaƙƙila raƙuma 15; ma'muma da ta kai ga ƙwaƙwalwa sulusin diyya. Abin da bai kai muliha ba ba shi da ƙayyadadden adadi, an bar shi ga ijtihadin alƙali. Kotunan Gana ba sa hukunci da wannan, amma limamai da sarakunan zango da ke sulhunta maƙwabta suna da abin dogaro a cikinsa: ƙanƙantar rauni ba ta soke haƙƙin wanda aka ji wa.

Asibiti ma yana da nasa jerin. A kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-10, wanda aka amince da shi a 1990, raunin saman fatar kai lambarsa S00: S00.0 fatar da gashi ke fitowa, S00.1 kewayen ido, S00.3 hanci, S00.4 kunne, S00.5 leɓe da baki. In fata ta buɗe sosai ya koma S01, in ya taɓa ƙwaƙwalwa S06. A inshorar lafiya ta ƙasa da Gana ta kafa a 2003, irin waɗannan lambobi suna shiga takardar neman biya. Ke nan wanda ke rubuta lambar, shaida ne. Wanda ya ƙara wa ƙujewa girma don kuɗi ya ci amana, wanda ya rage mata don gajiya ya tauye mara lafiya, musamman in takardar za ta je gaban 'yan sanda.

Maganin ba shi da wuya. A wanke da ruwa mai tsabta, a danne da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya, a ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma kan kumburi, a duba batun allurar tetanus. Fatar kai tana da jijiyoyin jini da yawa, shi ya sa ɗan tsagu kan jiƙa riga. Toka, ƙasa da garin taba datti kawai suke ƙarawa. Ta fuskar ibada kuwa, zubar jini ba ta karya alwala a Malikiyya, kuma mai bandeji a ka yana shafa a kan bandejin in cirewa za ta cutar da shi.

Wurin da hanyoyin biyu suka fi dacewa shi ne jira. Fiƙihu ya hana a yanke diyyar rauni sai ya warke, domin ba a san inda zai tsaya ba. Likita ma yana sa ido kwana ɗaya zuwa biyu, saboda jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai alhali waje lafiya lau. Amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyi, ruɗewa, jijjiga, ko ruwa da jini daga kunne ko hanci, duk suna nufin a koma asibiti nan take, wani lokaci har a tura mutum asibitin koyarwa na Tamale don hoton kai. Tsofaffi, jarirai da masu shan maganin tsinka jini su ne suka fi bukatar wannan sa ido, kuma in aka gano jini a cikin ƙoƙon kai, lambar da aka rubuta ranar farko dole a gyara ta.