Kafin ka sa hannu a takardar sansanin hutu

Ɗana, tunda yau kai ma uba ne, zauna mu yi maganar babban hutu. Daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba lakwal a rufe take, kuma mu a Gidimuni mun san inda yaro yake a wannan lokaci: gona, garka, ko bayan awaki. Amma akan samu wata ƙungiya ta matasa ko ta addini, ko ma'aikatar da ɗan'uwanka ke aiki a Damagaram ko Yamai, ta shirya tara yara wuri ɗaya na mako guda ko biyu, su kwana can su ci can. Idan an ba ɗanka gurbi, bar shi ya je. Na san hannu ɗaya zai ragu a gona daidai lokacin maimai, to ka daure. Abin ma tun asali don lafiyar yara aka ƙirƙiro shi: a 1876 wani limamin kirista a Suwizalan, Walter Bion, ya kwashi yara 68 daga lungunan birnin Zurich ya kai su kan duwatsu su sha iska su ci su ƙoshi. Faransawa suka ɗauka, ta hannunsu ya iso mana.

Za a miƙo maka takarda ka cika. A nan nake son ka natsu.

Akwai layin da ke tambaya ko yaro na da wani ciwo. Mafi yawan iyaye ko numfashi ba sa ja, sai su ce a rubuta "babu". Wani tsoro yake kada a hana yaron tafiya. Wani kuma, musamman in 'ya mace ce, gudun bakin mutane yake, kada gobe maganar farfaɗiya ta ɓata mata aure. Na fahimci wannan tsoro, amma duba wanda ka yaudara. Saurayi ne ko budurwa da aka danƙa wa yara da yawa, bai taɓa ganin ɗanka ba sai ranar. Yaro mai amosanin jini, sanyi da ƙishirwa da gajiya ne ke tayar masa da ciwo. In mai kula ya sani, ba zai bar shi ya buga ƙwallo cikin ruwan sama ba, zai riƙa tura masa gorar ruwa. In bai sani ba, tsakar dare yaro na murƙususu yana kukan ƙafa, shi kuwa zai ɗauka kewar gida ce, ya ce ya yi haƙuri gari ya waye. Mai farfaɗiya kuma, babban haɗarinsa ruwa ne da wuta. Faɗa musu a fili, ka ƙara da cewa ba a ɗaukarta, in ta tashi a kwantar da shi a gefe guda, kada a cusa masa komai a baki. Haka asma. Har fitsarin kwance ka raɗa wa mai kula a kunne, ya san inda zai shimfiɗa masa tabarma ba tare da yara sun mai da shi abin dariya ba.

In yana shan magani, kada a ƙulle ƙwayoyi a leda a cusa cikin kaya. A kai su da kwalinsu hannun babba, a rubuta lokacin sha.

Katin rigakafi ma za su nema, kada ka ji haushi. A 2023, mashaƙo ya shiga jihar Damagaram, kafin shi kuma sanƙarau ya yi mana ɓarna a ƙarshen 2022. Ƙyanda kuwa ba ta son komai kamar ɗaki cike da yara. Katin yana wurin uwarsa, wataƙila a ƙasan akwati tare da zannuwan fita. A nemo shi tun da wuri. Takardar haihuwa ita ma haka: in ba a yi masa a kan lokaci ba, je ka ma'aikatar magajin gari ka tambayi yadda ake samun wadda alƙali ke bayarwa a madadinta. Kada ka ari ta wansa don shekaru su cika. Da shekaru ake raba yara ɗaki-ɗaki, ɗan shekara 7 da aka jefa cikin 'yan 12 wahala kawai zai sha.

To sun tambaye ka, ka amsa da gaskiya. Yanzu kai ma tambaye su, matambayi ba ya ɓata. Fara da sauro, domin hutun nan ya faɗo tsakiyar damina, kuma daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana rabawa wata-wata a damina, akasari na 'yan ƙasa da shekara 5 ne. Maganin kyauta da gwamnati ta kafa a 2006 shi ma a shekara 5 ya tsaya. Ɗan sansani ya wuce duka biyun. Saboda haka ka ji da kunnenka: kowane yaro na da gidan sauro, ko ka haɗa shi da nasa? In jikinsa ya yi zafi da dare, wa ke gwada shi, wace likita za a kai shi, da wace mota, wa zai biya? Ruwan sha daga famfo yake ko rijiya? Wanda ya tuna amai da gudawa na 2021 a Maraɗi da Damagaram ba zai ji kunyar zagawa ya ga makewayi da wurin wanke hannu ba. In 'yarka ce, a nuna maka matar da za ta kwana da su, ka ga ɗakin da idonka. Ka ba da sunan mutum ɗaya wanda shi kaɗai zai iya ɗaukar yaron, da lambar waya mai shiga. Wanda ya ɓata rai don ka yi waɗannan tambayoyi, ɗauki ɗanka ku koma gida.

Game da abin da za su yi a can, ba ni da dogon zance. Langa, dara, ƙwallo, kokawa, tatsuniya bayan isha, duk alheri ne. In a Damagaram suke, a kai su Birni su ga fadar sarki, a ba su labarin Sarki Tanimun da ganuwarsa. In sansanin ya haɗa da 3 ga Agusta, ranar dashen itace ta ƙasa, kowa ya dasa nasa. Mu da muka ga ƙungiyar samariya a zamanin Seyni Kunce mun san abin da aikin gayya ke koya wa yaro, don haka ina jin daɗin sansanin da ke sa yara shara da wanke kwanonsu. Wanda za a jera su a benci daga safe zuwa la'asar ana maimaita musu darasin lakwal, wannan hutun me aka yi?

Sai ruwa. Tafkinmu abin alfahari ne, tun 2019 yana cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, kuma duk wanda ya kawo yaran birni nan zai so su ga dabino da tsuntsaye. Su gani daga baki. Yaron Gidimuni ya san inda ƙasa ke zurmawa, baƙo bai sani ba, naka kuma baƙo ne a ruwan wani gari. Ban da nutsewa, ruwan da ke kwance a ƙasarmu ana tsoron tsargiya a cikinsa: ƙwayar daga katantanwa take fitowa ta shiga ta fata, ko yaro bai sha ba. Ka ja masa kunne a gaban mai kula, don su biyun su ji.

Bayan ya dawo, sa masa ido. Zazzaɓin da ya kwaso can yana iya ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya fito, in jiki ya yi zafi a gwada jini ranar, kada a tsaya sayen ƙwaya a tebur. Tsargiya ta fi haka jinkiri, sai bayan wata biyu ko uku ake ganin jini a ƙarshen fitsari, kuma yara ɓoyewa suke yi. Tambaye shi kai da kanka, ku biyu kawai. Maganinta, praziquantel, a likita ake ba da shi gwargwadon nauyin yaro ko tsawonsa.