JIKI AMANA NE: NASIHA GA IYAYENMU MATA

 A wannan mako za mu duba tambayar da wata baiwar Allah ta yi mini a makarantar matan aure inda nake koyar da Larabci. Shekarunta sun haura 45, jiki ya yi mata nauyi, gwiwa tana ciwo, har ruku'u da sujada sun zama mata aiki. Ta ce, "Malam, in na nemi rage ƙiba, ban raina halittar Allah ba? In kuwa na bar ta, ban cuci kaina ba?" A ƙarƙashin tambayar nan akwai wata wadda ta fi ta girma, watau jikin nan mallakar wane ne, kuma domin wa ake gyara shi?

Abin da muka koya wurin malamanmu shi ne jiki amana ne, kuma za a tambayi kowa yadda ya riƙe ta. Ya zo a cikin Sahihul Buhari cewa Abdullahi ɗan Amru, Allah Ya yarda da shi, ya kasance yana azumi kullum yana kuma raya dare, sai Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya sanar da shi cewa jikinsa yana da hakki a kansa. To, in yawan ibada bai halatta cutar da jiki ba, ina ga neman yabon mutane?

Na kawo zancen yabon mutane domin nan ne tushen ɓarna. A al'adarmu ƙiba alamar hutu ce. In mace ta cika sai a ce mijinta ya iya riƙo, in ta rame sai a fara gutsiri-tsoma. Wannan ya sa waɗansu mata suke shan ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe", cikinsu har da dexamethasone, maganin da in aka daɗe ana sha ba bisa umarnin likita ba yakan kumbura fuska, ya ɗaga sukarin jini da hawan jini, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe a kansa kuwa kada ta yanke shi dare ɗaya sai da shawarar likita, domin yankewar farat ɗaya ma hatsari ce. A ɗaya gefen kuma ga masu horar da kansu da yunwa, da masu shan shayin rage ƙiba, wanda galibi zawo da fitsari yake sawa, ruwan jiki ya zube, bayan 'yan kwanaki nauyi ya dawo. Kalmar israfi a Larabci ma'anarta ƙetare iyaka, kuma aya ta 31 a Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta hana israfi. Mai ɗura da mai yunwatar da kanta duk sun ƙetare iyaka, kuma duk idon mutane suke bauta wa.

Sai dai a lura, ƙiba ita kanta ba zunubi ba ce. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yi tsere da Manzon Allah ta wuce shi, bayan wani zamani da ta yi jiki suka sake, ya wuce ta, ya nuna mata cikin raha cewa ya rama. Bai goranta mata ba, kuma labarin ya nuna motsa jiki ga mace ba abin kunya ba ne. Aya ta 11 a Suratul Hujurati kuwa ta ambaci mata musamman, ta hana su yi wa juna izgili.

Likitoci sun bayyana cewa yawancin mata jinin haila yakan ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55. A lokacin nan sinadarin istirojin yana raguwa, kitse ya koma taruwa a ciki, tsoka ta ragu, ƙashi ya yi rauni. Ga shi kuma daka da surfe da ɗibar ruwa, waɗanda suka riƙe ƙarfin kakanninmu, inji da famfo sun ɗauke su a gidaje da yawa, amma cin tuwo bai ragu ba, sai ma aka ƙara da soye-soye da lemon kwalba. Kitsen ciki kuwa yana buɗe ƙofar ciwon sukari da hawan jini.

Mene ne magani? Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma hikimar nan ta shafi jiki. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna masu hatsarin ciwon sukari da aka sa su neman rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, hatsarinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Watau mai kilo 90 kilo 6 ko 7 ake nema a gare ta, a hankali, kamar rabin kilo a mako. Minti 150 kuwa tafiya ce da sauri ta minti 30 kwana 5 a mako, ko da a tsakar gida ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a yini, kusan cokalin shayi ɗaya ke nan, kuma a tuna dunƙulen miya cike yake da gishiri. A rage malmalar tuwo da mai da sukari, a ƙara wake da zogale da rama da alayyafo. Hadisin Tirmizi ya riga ya ba mu ma'auni, inda ya raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi.

Maza kuma kada su ɗauka zancen bai shafe su ba. Maigidan da yake yi wa matarsa gorin ƙiba, alhali ya hana ta sararin motsa jiki, bai kai ta awon jini ba, bai kawo ganye cikin cefane ba, shi ma yana da kaso a cin amanar. Haka 'ya'yan da suke tura wa mahaifiyarsu katan na lemo da sunan biyayya.

Amsar da na ba baiwar Allah nan ita ce: neman lafiya ba raina halitta ba ne, kula da amana ne, muddin niyya ta gyaru. Ma'auninta ba madubi ba ne, ba kuma bakin kishiya ko ƙawaye ba. Ta tambayi kanta, shin jikin nan zai kai ta ga yin salla a tsaye, da ɗawafi da ƙafarta, da goyon jikokinta? Wanda ya ba da amanar Shi kaɗai ya cancanci a gyara ta dominsa.

Allah Ya ba iyayenmu mata lafiya mai amfani, Ya sa mu dace. Amin.