Haƙƙin Ido a Bencin Mai Shayi

A tarbiyyar Bahaushe, babban mutum ba ya cin abinci a titi. Malaman fiƙihu ma sun lissafa ci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage wa mutum muru'a. To amma duk wanda ya bi babban titin Nima zuwa Mamobi da sassafe zai ga dattawa da samari a layin mai koko da ƙosai, da rana ga su gaban tukunyar wake da shinkafa, wadda duk Gana ke kira waakye, da dare kuma bencin mai shayi cike. Shin mutuncin mutanen Zango ne ya zube, ko kuwa mu ne ba mu fahimci dalilin dokar ba?

Nima unguwar baƙi ce tun asalinta. Tun da Malam Amadu Futa ya samu filin daga mutanen Osu a 1931, 'yan ci-rani ke sauka a cikinta. Wanda ya kama hayar ɗaki guda a gida mai cunkoso, ba mata ba murhu, a ina zai ci in ba a waje ba? Don haka rumfar mai tuwon zafi ta zame masa madafi, bencin mai shayi ya zame masa zaure. Abin da gidan giya na unguwa yake yi wa Turawan Ingila, wato haɗa maƙwabta a kan abinci da hira, shi shayi ke yi a nan, ba tare da maye ba.

A ganina, magabata ba taunar suke ƙyama ba. Idon mai yunwa suke jin nauyi. Wanda ya ci a cikin gida ya ɓoye wadatarsa, wanda ya ci a titi kuwa ya baje ta gaban wanda ƙila bai karya ba. Tunda ɓoyewa ta gagara a Zango, sai hanya ɗaya ta rage: a biya haƙƙin ido. Shi ya sa da wuya a kai loma baki ba a ce wa na kusa "Bismillah" ba.

Nan gizo ke saƙar. Sau nawa muke faɗin kalmar muna addu'ar a amsa da "Alhamdulillahi"? Wani zai ce ɗan dakon da ya yini a kasuwar Nima ranar Laraba, sidinsa bai wuce na kwano ɗaya ba, in ya raba da kowa da me zai kwana? Gaskiyarsa. Ba a ɗora wa rai abin da ba ta iyawa. Amma tayi na fatar baki daga mai hali ya fi shiru muni, domin ya haɗa rowa da ƙarya.

Samarin da ke zama a majalisun ataya sun riga mu gano mafita. Buta ɗaya ce, kofunan ƙanana, ana zagayawa har sau uku, kuma ba a tambayar wanda ya kawo sukari. Mai shi da marar shi kofi ɗaya suke sha, ba wanda ya san wa ya ciyar da wa.

Ashe ba wurin da ka ci ne ke auna mutuncinka ba. Abin dubawa shi ne halin da ka bar wanda ke gefenka a kan benci lokacin da ka miƙe.